'Yar Ruwa, 'Yar Aiken Inna

Jikata ta dawo daga Tamale da wata 'yar kififiya a cikin akwatin gilas, wai ta sayo wa 'yarta ta fari. Har da ƙwan lantarki a saman akwatin, da abinci na musamman a gwangwani. Kunkurun ruwa yaran yanzu ke ce mata, mu kuwa kififiya muka sani. Ba abin da ke cikin gilas ɗin ne ya hana ni sakat ba. Jikar tawa ce ta durƙusa a tsakar gida, gaban kowa da kowa, ta rungume yarinyar, ta kira sunanta gatsal, ta ce zo ki ga abin da na kawo miki. 'Yar fari fa. Na buɗe baki zan ce ke ba ki da ta ido ne, sai na fasa, na tashi na shige ɗaki na ce musu ƙafata ce ke ciwo. Ƙafar lafiyarta ƙalau. Kishi ne ya kama ni, tsofai-tsofai da ni, ina kishin yarinyar da ko famfara ba ta yi ba.

Ni ma 'yar fari ce. A Salaga aka haife ni, a gidan fataken goro, lokacin Turawa suna haramar tattara nasu ya nasu. A gidaje irin namu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta yi masa magana baki da baki. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Wasu matan sukan sassauta idan ba idon mutane, amma Inna, mahaifiyata, ba ta san wani abu wai shi sassauci ba. Idan na faɗi na fasa gwiwa, maƙwabciya ce za ta ɗaga ni. Idan tuwona ya sauka, sai ta ajiye akushin a gindin turmi ta ce wa iska, a gaya wa waccan. Ƙannena kuwa ta kira su, ta zage su, ta goya su, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa ina kallo. Ko zagin ma so nake. Tsofaffi sukan ce mini, "Ke da kika samu uwa mai kunya ai godiya za ki yi." Na yi ta godiyar, amma ban daina jin zafin ba.

Salaga ta wancan zamani garin rijiyoyi ce, masu ƙaramin baki, an fafe su a cikin marmara, kuma duk da yawansu ruwa wuya yake da rani. Da sassafe abin da ke tashe ka shi ne ƙarar guga tana karo da dutse, da muryar mata masu tallar ruwa, sai can anjima dakan sakwara ya ɗauka daga gida zuwa gida. A zauren Baba ana kwance huhun goro, a zaɓe mai tsutsa, a yayyafa wa ganye ruwa a sake ɗaurewa, ƙamshin ɗanyen ganyen nan ya cika gidan. Yanzu idan na je babura da kekunan nan masu ƙafa uku sun cika kunne, ruwa kuma a leda ake sayar da shi, a tsotse a yar. Rijiyar ƙofar gidanmu an cike ta da shara, wani ya kafa shagon gyaran waya a kanta.

Wata rana bayan ruwan farko, mata sun ɗebo ruwa daga rafi, Inna tana juye tulu a randa sai na ga ta tsaya, ta sa hannu ta ciro wani abu baƙi. Ta ɗauko tsohon kaskon da aka daina tuya da shi, ta zuba ruwa kaɗan, ta sa abin a ciki, ta ajiye a inda na saba rakuɓewa, ta koma aikinta. Na leƙa. 'Yar kififiya ce, ba ta fi ɓarin goro ba, ƙoƙon bayanta da ɗan taushi, idan ta tsorata ba ta janye kai ciki kamar kunkurun tudu, sai ta karkace wuya ta ɓoye shi a gefe. Ina cikin kallonta na ji muryar Inna daga madafa, ba ta ko waiwayo ba.

"Ke 'yar ruwa, gaya wa uwar ɗakinki ta sa miki dutse a tsakiya. Ba kifi ba ce ke, kina bukatar wurin shan hantsi."

Na duba hagu na duba dama. Babu kowa a tsakar gidan sai ni. Na je na nemo wani ɗan faffaɗan dutse na sa, sannan na sunkuya kan kaskon na ce, "Ki ce na sa."

"Ta kyauta," in ji Inna, tana tura itace a murhu.

Tun daga ranar muka samu 'yar aike. Duk abin da na sani na renon kififiya a haka na koye shi, ta bakin da ba ya magana. A gaya wa uwar ɗaki ruwa kada ya wuce gaɓar yatsa biyu. A gaya mata ta canza shi kowace safiya, don kififiya ƙazama ce, inda ta ci nan take kashi, kuma idan ranta ya ɓaci takan saki wani wari da sai ka wanke hannu da toka. A gaya mata ta fitar da kasko hantsi don ƙoƙon ya yi ƙarfi, amma ta kifa tsohon kwando a kai saboda shirwa. Na riƙa tonon tana a bayan madafa, ina kama shinge, ƙwarin nan masu fiffike, idan an yi ruwa, ina ɓarar busasshen kifi daga na miya. Ba ta cin abu a kan tudu, sai a cikin ruwa, ta cafke da baki ta yage da farce. Sannu a hankali saƙon ya wuce na kasko. "'Yar ruwa, uwar ɗakinki ba ta ga kanta ya tsufa ba ne? Ta je gidan kitso." "'Yar ruwa, tambaye ta wa ya taɓa ta take kumbure-kumbure." Ni kuma in tsuguna in zayyana wa kififiya duk abin da ke cikina, Inna tana tankaɗe a bayana tana ji. Idan akwai mutane a gidan, shiru kake ji. Babu wanda zai ce ta karya al'ada, tunda da dabba take magana.

Damina ɗaya da rani ɗaya na yi a cikin wannan daɗi, sai Goggo ta aiko. Goggo yayar Baba ce, tana aure a Bawku, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma a al'ada 'yar fari ta dangin uba ce, duk wadda ta nema a ba ta riƙo. Baba ya ce idan motar goro za ta tashi arewa da ni za a tafi. Ranar tafiya Inna ta ɗaure kayana a tsumma har da kaskon, ta samo ƙwarya mai murfi ta huda ta, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen ganyen goro a ciki. Ita da kanta ta ɗauki kififiyar ta sa. Ta daɗe tana gyara ganyen da ba ya bukatar gyara.

"To, 'yar ruwa," ta ce, "ki bi ta. Ki sa mata ido. Idan Allah ya yi mini zuwa, ke zan tambaya labari, ke kuma zan ba saƙo."

Ta rufe ƙwaryar ta shige ɗaki, ba ta fito rakiya ba. Ni dai abu ɗaya na ɗauka a cikin maganar: idan kififiyar nan tana raye ranar da Inna ta zo, za mu yi hira. Idan ba ta nan, na koma waccan.

Motar irin mai bodin katako ce, mu a can sama kan huhunan goro, ƙwarya a cinyata, duk inda aka tsaya sai na roƙi ruwa na yayyafa. A Yendi muka yada zango, gidan Kaka, mahaifiyar Inna, wadda mijinta malami ne mai makarantar zaure. Kaka ta tarbe ni da tsiya irin ta kaka da jika. Ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Ƙawata, wannan ce guzurin? Kawo in jefa ta a miya, ko ƙashi ma samu." Na ce tsohuwa, da wane haƙorin za ki tauna. Ta yi dariya har da tari. Sai da muka zauna tana ɓare gyaɗa ta kau da kai ta ce, "Yaya waccan?" Na shiga tunanin wa take nufi, can na gane. Inna ma 'yar farinta ce. Na ba ta labarin kaskon da aiken, ina tsammanin za ta yi faɗa. Ta daina ɓarar gyaɗar.

"Ja'ira, ta fi ni dabara," in ji Kaka. "Ni har aka kai ta ɗaki ban samu abin aika ba." Ta share hanci da bakin zane. "Ke kin san tun yaye ya kamata a kai ki Bawku? Ita ce ta yi ta ja. Bana ta ce ba ki da lafiya, baɗi ta ce hanya ba kyau. Har ubanki ya gaji."

Ban taɓa jin wannan ba. Na ji daɗi, kuma na ji wani irin baƙin ciki, don ga shi an gaya mini a lokacin da mota ke jirana ta ƙara nisa da ni.

Daga Yendi muka hau dutse muka gangara, itatuwa suna raguwa, har muka shiga Bawku. Goggo ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauki alhakinta. Mace ce mai zafin nama, tana sayar da albasa a kasuwa, ta saya mini zane, ta kira sunana sau ɗari a yini, har sunan ya riƙa yi mini wani baƙo-baƙo a kunne. Amma garin ba nawa ba ne. A kasuwa yaruka sun fi ƙarfina, ga na Kusasawa, ga na Mosawa, ga na Busangawa, Hausar ma idan an yi ta sai a ce wa mace kai, yaran unguwa kuma suna dariyar tawa wai ina magana irin ta tsofaffi. Ba ni da ƙawa ko ɗaya. Idan na gama jera albasa da wanke-wanke, bayan la'asar sai in ja kasko gindin randa in zauna in yi ta ba kififiya labari, wanda za ta ajiye wa Inna. Ita kuma ta ɗaga kai daga ruwa ta yi mini ƙuri. Na san ba ta ji. Duk da haka idan na gama sai in ji ƙirjina ya yi sauƙi.

Da rani ya kama, ruwa ya zama abin faɗa. A yashin rafi mata ke tono, a jira ya tsattsafo a kwashe da moɗa. Goggo ta ga ina zubar da ruwan kasko kowace safiya ta ce, "'Yar nan, ruwan da muke tonowa da farce za ki riƙa ba ƙoƙo mai ƙafa? Ga wari. Kai ta rafi ki huta." Na ce Goggo ki yi haƙuri, daga ruwan wankana zan riƙa cira. Ta dube ni ta girgiza kai ta ce in dai da rabin ƙwarya zan iya wanka, ni na jiyo. Haka na yi ta yi, ina yawo da kaushi. Amma sai kififiyar ta daina ci. Na kawo kifi ta kau da kai, na kawo fara ta ƙi. Yini take tana karce gefen kasko tana neman fita, idanunta sun faɗa. Na tsorata ƙwarai. Na zauna a ƙofar gida da ita a hannu ina kuka, sai ga wata mata 'yar Kusasi da ke kawo wa Goggo itace. Ta sauke kayanta, ta karɓa ta jujjuya.

"Shi ba ciwo," ta ce da irin tata Hausar. "Rani ya zo, shi yana so ƙasa. Ka sa shi cikin taɓo, ka bar shi kwana. Ruwa ya zo, shi tashi."

Na ce in binne ta da rai? Ta ce a rafi ma haka suke yi, wa ya gaya mini suna yini a ruwa shekara duka. Ban yarda ba sai da na ga da idona. Gindin randa ne kaɗai wuri mai laima a gidan, na sassaƙa ƙasar da guntun fartanya, na ajiye ta. Nan take ta fara tono da ƙafafun baya, tana nutsewa kaɗan-kaɗan, har ƙasa ta rufe ta. Wannan bazarar ita ce mafi tsawo a rayuwata. Ba abin ciyarwa, ba ruwan canzawa, ba idon da zai dube ni. Kullum in ɗiga ruwa a wurin, in hana kaji tono, in kwanta rub da ciki in kara kunne ko zan ji motsi. Goggo ta ce wa mijinta yarinyar nan sai an nemo mata rubutu, ta fara hira da ƙasa.

Ruwan farko ya same mu a kasuwa. Irin ruwan nan ne mai zuwa da iska, muka yi ta fama da buhunan albasa kada su jiƙe, ba mu dawo gida ba sai da ya tsagaita. Tsakar gida ta cika ta malale ta rariya. Na ruga gindin randa. Rami na tarar, ɗan ƙarami, bakinsa sabo, da sawu a taɓo ya nufi rariyar. Ashe matar nan gaskiya ta faɗa. Ta tashi da ranta da lafiyarta, ta bi ruwa ta yi tafiyarta. Na bi kwata har bayan gari ina tona ciyawa, na yi kwanaki ina zarya rafi ko zan samu ko da wata ce in sa a madadinta. Ban samu ba. Na wanke kaskon na kife shi a jikin bango.

Damina ba ta yi nisa ba Inna ta zo. Baba ne zai wuce cinikin shanu, ta matsa ya taho da ita ta gaida Goggo, abin da ba ta taɓa roƙo ba. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa na ji sallamarta. Na ajiye tiren na miƙe tsaye. Ta shigo da goyo, ta durƙusa ta gaida Goggo, aka kawo ruwa ta sha. Ina ganin idonta yana zagaya gidan, ya bi gindin randa, ya bi bakin madafa, ya tsaya a kan kifaffen kasko.

"Yaya," ta ce wa Goggo, "ina 'yar ruwan nan?"

"Wannan abin warin? Ai ta bi ruwa tun farkon damina. Mun huta, yarinya ta samu ta yi wanka."

Inna ta dubi ƙoƙon ruwan da ke hannunta. "Allah sarki," ta ce. "Da ina da saƙo."

Goggo ba ta gane ba, ta shiga tambayar mutanen Salaga. Ni na gane, na zagaya bayan ɗaki na toshe bakina da zane.

'Yan kwanakin da ta yi, muna gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya, kamar da can kafin a juye tulun nan. Ga gidan surukai ne, kunyar ta ninka. Idan na shigo ta sunkuyar da kai, idan ta fito na ba ta hanya. Nakan ɗauki ƙanena in yi ta yi masa surutu da ƙarfi, ina gaya masa yadda na yi da rani, yadda na ciyar, yadda na binne, ko za ta karɓa ta bakinsa. Ba ta karɓa ba, don Goggo tana nan zaune. Sau ɗaya na tarar ta birkice kaskon tana shafa cikinsa da yatsa, da ta ji tafiyata ta mayar ta kife. Labarin da na tara na shekara guda yana cikina, nata saƙon yana cikinta, babu mai kaiwa.

Ranar komawa ni na ɗauki ƙunshinta zuwa tasha. Goggo ta tsaya ciniki da mai ƙwan zabi, Baba yana can gaba wurin direba. Inna ta hau bayan mota ta zauna a kan benci, na miƙa mata ƙunshin. Ta karɓa. Ba ta dube ni ba, fuskarta tana wajen buhunan da aka jibga a gefenta. An tada mota, katakon yana ta karkarwa. Sai na ji ta ce, a hankali, ba da kowa ba sai ni:

"Kin rame. Ki riƙa cin abinci."

Kin. Ni ce kin ɗin. Na buɗe baki, amma ban san yadda ake amsa mata ba, ban taɓa koya ba. Idona ya shiga neman abin da zan sunkuya in gaya wa, babu komai a ƙasa sai ɓawon rake. Motar ta ja. Ina tsaye har ta sha kwana wajen rumfunan masu gishiri, sannan muryata ta fito na ce, "To, Inna."

Goggo da ta iso bayana ta ce, "Na'am? Magana kike?"

Na ce a'a.

Da lokacin kaka ya zagayo karo na biyu, fataken goro suka kawo labari cewa Inna ta rasu wajen haihuwa. Wannan ita ce kaɗai maganar da ta taɓa yi mini baki da baki, kuma ba ta ji amsata ba.